Yadda Na Koyi Huda Tol

Shekarar da na buɗe shagon ɗinki a unguwar Lazaret, maƙwabcina wani dattijo ne ɗan Maradi mai gyaran kayan sauti, su ampli da mikoro. Bango ɗaya ya raba mu. Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai, kafin injin hudarsa ya fara kuka, sai in ji bugun guduma sau ɗaya, ƙwas, sannan shiru.

Wata rana da hantsi aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, kekena ya tsaya, sai na leƙa. Na tarar da shi da fallen ƙarfen da ake ce wa tol a gabansa, fuskar wani akwati da yake haɗa wa wani masallaci a Saga. Mikoro huɗu za a riƙa jonawa, kowace mahaɗa da za a soka wayar mikoro a ciki tana son rami babba a tsakiya da ƙanana biyu na ƙusoshin ɗaure ta.

"Baba, wai gudumar nan ta mece ce?"

Ya miƙo mini wani ƙarfe mai tsini. "Bakin inji ba shi da haƙuri, ɗiyata. In bai samu gurbi ba, sai ya zame ya huda inda ya ga dama. Da wannan nake fara yi masa wurin zama."

Ya jawo wani tol da ya lalata jiya. Rami ɗaya ya kauce da kaurin zare biyu kawai, mahaɗar ta ƙi zama. Ya ce layukan ma'auni sun fara haɗe masa a ido.

"To me ya sa kake auna kowace daban? Ni wuyan riga sau ɗaya nake fitarwa a kwali."

Na ɗauko wani kwali, na ɗora mahaɗar a kai, na zagaye ta, na soka allura ta ƙananan ramukan. Ya ɗaga kwalin ya duba a haske, ya auna har sau biyu.

"Tol ba yadi ba ne, ba a warware shi," in ji shi. Amma ya ba ni gudumar.

Na ɗora kwalin a kan tol, na kafa tsinin ƙarfen a ramin allura. Bugun farko ko alama bai bari ba, Baba ya yi ta dariya. Na biyu ya zauna. Haka na bi har gurbi goma sha biyu.

Da kuran ya dawo, Baba ya fara hudar da siririn baki, ya canza zuwa mai kauri, yana ɗiga mai. Na tsaya ina kallon ƙarfe yana fita a murɗe kamar ɓawon lemo. Mahaɗa uku suka zauna daram. Ta huɗu sai da ya goge ramin kaɗan, don kwalin ya motsa a hannuna.

Muna cikin ɗaure ta wata mata ta yi sallama a shagona, ta zo gwajin riga. Sai da na wanke hannu da sabulu sau biyu kafin na taɓa shaddarta.