Kira Tara

A asibitin ba mai kiranta da sunanta. Mai Waya ake ce mata, tun lokacin annoba. Nas ce, shekararta goma sha bakwai a bakin aiki, gajeriya, ga saurin tafiya ga saurin baki. A da, in ka ji dariya ta ɓarke a ɗakin hutun ma'aikata, ba sai ka leƙa ba, ita ce.

Da annoba ta zo, aka hana dangi shiga ɗakin masu cutar. Wayar ɗakin ta lalace tun makon farko, manya suka ce za a gyara, har yau gyaran ake yi. Sai ta sa tata a leda, ta rubuta lambarta a jikin ƙofa. In mara lafiya ya kusa tafiya, ita ke kara masa wayar a kunne, matarsa ko 'ya'yansa su yi bankwana da shi. Hannu ɗaya na riƙe da waya, ɗayan na kan jijiyar hannunsa. Sau da yawa bugun yakan tsaya mai magana bai kai aya ba. Ba ta taɓa katse kowa ba. Takan bari mutum ya gama neman gafararsa tsaf, sannan ta ɗauke wayar ta faɗa masa.

Annoba ta wuce. Aka raba wa ma'aikata takardar yabo, aka yi musu tafi, aka mayar da ɗakin ma'ajiyar karyayyun gadaje. Ita kuwa waya ta zame mata dodo. Da ta yi ƙara sai tafin hannunta ya jiƙe, warin maganin wanke ɗaki ya cika mata hanci, ko da a tsakiyar kasuwa take. Ta kashe ƙarar, ta koma kulle wayar a loka daga safe har tashi.

Wata abokiyar aikinta ta ce, "Ki je ki ga likitan ƙwaƙwalwa mana. Ga ofishinsa nan a sama."

"Ni da nake ba mutane magani? Gajiya ce kawai."

Wadda abin ya fi shafa ita ce Inna, mahaifiyarta. Tsohuwar tana wani gari wajen ƙanwar Mai Waya, ciwon zuciya yana cinta, kuma ba ta iya karanta saƙo ba. Murya take so. Kullum Mai Waya sai ta ce gobe za ta kira. Tana son uwarta kamar ranta, amma ta san yadda numfashin mai tafiya yake, kuma tana tsoron ta ji shi a bakin Inna.

Wata Talata da la'asar ta tashi daga aiki, ta buɗe loka, ta ga kira tara, duk na ƙanwarta. Ta zauna a kan benci, takalmi ɗaya a ƙafa, ta danna lambar ƙanwar.

"Yaya, ina kika shiga?" Muryar ƙanwar ta dishe. "Inna ta cika tun azahar. Sunanki take ta kira. Na kara mata wayar a kunne, yadda kika ce kina yi wa mutane. Tana jin kiran yana shiga, tana cewa a ƙyale ki, aiki kike yi, yanzu za ki ɗauka."

Mai Waya ta dubi jerin kiran. Sannan ta tambaya.

"Har zuwa kira na nawa tana da rai?"

"Na bakwai, Yaya. Sauran biyun don in faɗa miki ne."