Kaka Tabawa da Tulun da Ta Wanke

Ranar Talata da hantsi ina cikin aji a kolejin Gabi, ina zana zuciyar ɗan Adam a allo, waya ta yi ta ruri a aljihuna. Ba na ɗaukar waya a gaban ɗalibai, amma da na ga sunan Kawu Idi, yayan mahaifiyata, wanda bai taɓa kirana a lokacin aiki ba, sai na fita baranda. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Habu, tsohuwa ta cika. Bayan azahar za a kai ta." Na yi salati, na jingina da bango. Kaka Tabawa ta daɗe tana fama da numfashi, don haka labarin bai zo mini da mamaki ba. Abin da ya fara faɗo mini a rai bayan salati tsoro ne: wa zai zo jana'izarta?

Tsoron nata ne, ita ta bar mini shi. A damanar da ta wuce, muna zaune a ƙofar ɗakinta a Madarunfa, ta kama hannuna ta ce, "Angona, ni ba mutuwa nike tsoro ba. Ranar da za a hiddo ni, kar a ce mai giya ta, kowa ya noƙe." Angona take kirana tun ina ƙarami, irin wasan kaka da jika. Na yi dariya na ce wa zai tuna da abin da ya wuce tun kafin a haifi uwata. Ba ta yi dariya ba. Ta ce mutane suna manta alheri da wuri, amma irin wannan ba sa mantawa.

Ga waɗanda suka san ta da kunun zaƙi kawai, a rumfar da ke bakin kasuwa, zan faɗi abin da gidanmu ya daɗe yana rufewa. An haifi Kaka a wani ƙaramin ƙauyen Anna, Hausawa masu addinin gargajiya, da ke bayan tafkin Madarunfa, a zamanin da mutanen ƙauyen ba su shiga Musulunci ba. Uwarta mai dafa giyar dawa ce, kakarta ma haka. Ita ma ta gaji sana'ar, ta yi ta har ta haifi 'ya'ya biyu. Daga baya ta musulunta, ita da kakanmu suka dawo cikin gari, ta kama kunu. A gida ba a maganar. Kawu Idi, da yake direba ne mai jigilar kaya tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa, kuma mai sahun gaba a masallaci, ko kalmar ba ya son ji. Ni kaina sai da na zama malami na san zurfin abin, kuma ta hanyar da ta ba ni kunya.

Ina shirya darasi ne a kan yadda yisti ke tayar da ƙullu. Na zo hutu gida, na samo buteli, wato kwalba, na zuba ruwan zafi da sukari da yisti irin na masu burodi, na ɗaura balan-balan a baki ina jiran ya kumbura. Na zauna na zuba masa ido har la'asar, shiru. Kaka tana tsintar gero a faifai tana kallona ta wutsiyar ido. Can ta ce in kawo mata ragowar ruwan da na yi amfani da shi, in sake ɗumama shi daidai yadda na yi. Ta tsoma ɗan yatsanta ta zare da sauri.

Ta kira ni yadda ɗalibai ke kiran malamin boko a wajenmu, ta ce, "Ka kashe su, mushe. Ruwan da ba ka wanke jinjiri da shi, ba ka ba su shi."

Na ce, "Su wa?"

Ta ce, "Masu aikin mana. Kai da ka yi lakwal, karatun boko, har Yamai ba ka san su ba?"

Ta sirka ruwan da kanta, muka sake haɗawa, kafin magariba balan-balan ya tashi tsaye. Ni mai takardar shaidar koyar da kimiyya, tsohuwar da ba ta san bihim ba ta gyara mini darasi da ɗan yatsa ɗaya. Na ji haushi na ɗan lokaci, daga baya haushin ya koma tambayoyi, kuma tambayoyin ba su ƙare ba har ta bar duniya.

Ba ta saki baki lokaci ɗaya ba. Sai Kawu ya fita da mota, bayan la'asar, take ba ni labarin kaɗan-kaɗan. Ta ce aikin daga jiƙa dawa yake farawa, jar dawa, ba fara ba. A tsame ta a baza a kan tabarma cikin inuwa, a rufe da ganye, ana yayyafa ruwa safe da yamma har ta fitar da tsiro. Idan tsiron ya kai tsawon gaɓar yatsa sai a shanya a rana a tsayar da shi, domin in aka bar shi ya zarce zai cinye zaƙin da ake nema. A ɓarza, a dama da ruwa a randa, a bari ya kwanta. Ruwan da ya taso sama a tsiyaye shi a ajiye gefe, ba a sa shi a wuta. Kaurin da ke ƙasa shi ake dafawa, sannan a mayar da ɗanyen ruwan nan a kai. Na tambaye ta me ya sa ba a dafa su tare a huta. Ta ce, "In ka dahwa na sama, zaƙi bai zuwa. Ban san dalili ba, haka uwata ta yi." Ni na san dalilin daga littafi, na yi mata bayani cewa wuta tana kashe abin da ke narkar da gari ya zama zaƙi. Ta saurara sosai, ta sa na maimaita, sannan ta ce ashe uwarta ba camfi take yi ba.

Bayan haka sai doguwar dahuwa a manyan tukwane, wuni guda mace na tsaye a kan wuta, sai tata, sai a bari ya huce. Har zuwa nan, in ji ta, ruwan zaƙi ne kawai, yaro ma zai sha. Abin da ke juya shi yana cikin wani tsohon tulu guda da ba a taɓa wankewa. Lakar da ke kwance a gindinsa ita suke kira iri. Kakarta ta ba uwarta, uwarta ta ɗiba ta ba ta ranar da aka kai ta ɗakin miji. A zuba ɗan iri a sabon ruwa, kafin gari ya waye kumfa ta rufe bakin randa.

Inda ta fi jin daɗin labari shi ne wajen ɗura wa tuluna, domin a nan ake gane gwana. Ba a jira giya ta gama aiki a randa. Ana ɗura ta tana da sauran rai, ta ƙarasa nuna a cikin tulun da za a sha ta. Ba a cika tulu har baki. A toshe da ganye, a ɗaure, amma a soka siririn kara a tsakiya don iska ta fita. "Tulu shina da hanci," haka take cewa, "in ka toshe mishi, sai ya hwashe maka bisa kai." Idan za a kai wa masu gayya a gona, tun jajibiri ake ɗora tulunan a kan jaki, a haƙa rami a gindin itace, a jiƙa yashi, a dasa su. Tana jefa ɗan yauƙin ɓawon itacen dargaza a kowanne, shi ke jan laka ƙasa. Daga nan ba mai taɓa su sai sun kwana sun natsu. Namijin da ya yi gaggawar girgiza mata tulu, ta ce, ya sha zagi a gaban abokansa ko da ɗan sarkin noma ne.

Wata rana na kawo mata littafina na nuna mata hoton ƙwayoyin yisti kamar yadda ake ganinsu a madubin likita, 'yan dunƙule-dunƙule, wasu da ƙananan 'ya'ya manne a jikinsu. Ta kai littafin bakin ƙofa wajen haske, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ashe haka suke. Shekara da shekaru ina ciyar da su ban taɓa ganin huskassu ba." Ta tambaye ni ko suna barci, ko suna jin zafi idan an kashe su. Har yau tambayar tana dawo mini.

Na sha tambayar ta me ya sa ta bari. Takan ce ni komai sai na ji dalili, kamar jandarma. Abin da ta yarda ta faɗa shi ne yadda ta bari. Ranar da ta yanke shawara, ta ɗauki tulun irin nan ta kai bayan gida, ta zuba masa tafasasshen ruwa da toka, ta wanke shi tas. Ta san in ta bar irin da rai, wata rana hannunta zai koma. Ta ce a ranar ta yi kuka kamar ta sake binne uwarta, domin abin da ya rage mata na uwar ke nan.

Sanin nan bai tafi a banza ba, shi ya tsare mata kununta. Ba ta taɓa sayar da kunun da ya kwana ba. Da aka fara ɗura kunu a butelin roba, ba ta ƙi ba, amma takan matsa kowace buteli da babban yatsa kafin ta miƙa, in ta ji ta yi tauri sai ta ajiye gefe. Na ga ranar sunan ɗan Kawu Idi, an cika bido uku, wato jarkoki, da kunu tun safe an rufe gam, aka bar su a rana, firigo kuma, na'urar sanyaya abin sha, babu wuta. Baƙi sun cika gida. Kaka ta zo ta kara kunnenta a jikin bido ɗaya, ta ɗan sassauta murfin, ta ji huci. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta sa aka tuntsurar da duka ukun a kwata. Matar Kawu ta yi ta faɗa, wai ɗan tsami ne kawai, kowa yana sha. Kaka ta ce, "Ku ba ku san inda iyakar take ba. Ni na san ta, bisa kanta na girma." A ranar, da ruwan sanyi kawai aka sallami baƙi, Kawu ya yi kwana uku yana ɗaure fuska.

Wannan duka ya yi ta yawo a kaina a kan babur daga Gabi. Da na isa gida, Kawu ya ja ni gefe, idonsa jawur, ya ce, "Na san ku da hirarku. Wanga zance kar ya hito bakin kowa yau." Na ce to. Da aka fito da ita, ban iya ɗaga kai ba sai da liman ya ce a daidaita sahu. Na waiwaya. Mutane sun cika ƙofar gida har sun toshe hanyar kasuwa, mahauta, direbobin tasha, malaman lakwal, masu kamun kifi da rigunansu a jiƙe. Na ji sanyi a raina, amma wata zuciyar ta ce mini waɗannan mai kunu suka sani, ba su san ɗayar ba.

Bayan mun dawo daga maƙabarta muna zaman gaisuwa, sai ga amalanken shanu ya tsaya. Tsofaffi uku suka sauko da kyar, mutanen ƙauyen su Kaka. Babbansu, Baba Nomau, kunnensa ya yi nauyi, saboda haka ba ya magana sai da ƙarfi. Ya yi gaisuwa, aka yi addu'a, maimakon ya yi shiru sai ya dubi liman.

Ya ce, "Malam, kun san wadda kunka binne? Duk ƙasag ga babu mai giya kamar Tabawa."

Na ga Kawu ya sunkuyar da kai. Baba Nomau bai lura ba, ya ci gaba.

"Ranar da ta wanke tulunta mun yi hushi, wata guda ba mu gaishe ta ba. Munka yi ta yawo gida-gida, har Gabi munka je da ƙahwa, ta kowa ba ta shiga baki. Wanda ya saba da ta Tabawa ina zai iya shan ruwan wanki? Da marece sai mu zamna ba abin yi. Inuwar da ta hi kyau kuwa ta bakin masallaci ta. Muna zamne muna zamne, wata rana munka shiga. Ni ga ni, ga Jaɗi, ga Ɗan Baƙo. Ita ta kai mu, ba ta sani ba."

Ban san me zai biyo baya ba. Liman ya daɗe yana kallon tsohon, sannan ya share ido da bakin rawaninsa ya ce, "Allahu akbar. Mu muna ta wa'azi da baki, ita ta yi nata da toka da ruwan zahi." Wani ya yi dariya, dariyar ta zagaya, wasu suna yi suna hawaye. Kawu Idi ya tashi ya durƙusa a gaban Baba Nomau, ya riƙe hannunsa, ya ce ya ƙara ba shi labarin uwarsa, shi bai taɓa tambaya ba. An faɗi abin da ta fi tsoro a bainar jama'a, da babbar murya, kuma ko mutum ɗaya bai tashi ba. Har magariba ana shimfiɗa ƙarin tabarmi.

Ya Allah, ga baiwarka Tabawa ta zo gare ka. Ta bar gadon uwarta saboda kai, ta tsare bakin bayinka daga abin da ka hana har ƙarshen ƙarfinta. Ka yafe mata na farko da na ƙarshe, ka yalwata kabarinta, ka shayar da ita daga abin sha na Aljanna. Ka ba Kawu Idi da mahaifiyata da sauran 'ya'ya da jikoki haƙurin rashinta. Ka sa tsofaffin nan uku su cika da imani, ka rubuta mata ladan kowace sujada da suka yi. Amin.