Goggon Leza da Ɗakin Ƙarƙashin Bene

Haihuwa da karatu

An haifi Goggon Leza a shekarar 1957, a ɗakin da ke bayan shagon mahaifinta mai walda, mahaifiyarta kuwa ungozoma ce. Tun tana firamare ake korar ta daga bakin shagon saboda kallon tartsatsi, ba ta kuwa daddara ba har ta shiga jami'a a 1976, ta karanci kimiyyar haske.

Aure da aiki

A 1983 ta auri wani malamin lissafi, ta kuma kama aiki a jami'ar, a ɗakin bincike na ƙarƙashin bene. A nan ake harba leza, haske mai tsananin ƙarfi da ke wucewa kafin ƙiftawar ido, cikin filasma, wato iskar gas da zafi ya mayar tamkar wuta. Burinsu hasken ya ratsa ta a dunƙule, amma da zarar ya shiga sai ya tsattsage kamar bakin tsohuwar igiya. Al'adar ɗakin ita ce duk harbin da ya lalace a ƙara wa na'ura ƙarfi, alhali ƙarfin ne ke tunzura filasmar ta yayyaga hasken.

Shekarar gwaji

A 1994 hukumar jami'a ta yanke cewa idan zango ya ƙare babu sakamako, za a kwance na'urar a mayar da ɗakin sito. Shugaban sashe, wanda ake wa laƙabi da Ƙara-Wuta, ya ba da umarni a murɗa har ƙarshe.

"Ranka ya daɗe," in ji Goggo, "mai shiga kasuwa da gudu shi ke ɓarin kaya. A tura ƙaramin haske ya buɗe hanya, babban ya biyo sawu."

"To, uwar 'yan rakiya," ya ce, "in ya watse, ke za ki fara share siton."

Aka harba yadda ta ce. Takardar gwaji da ke ƙarshen bututu, wadda ta saba fitowa da ɗigo-ɗigon ƙuna kamar mai ƙyanda, ta fito da tabo ɗaya tak, zagayayye kamar maɓalli. Ƙara-Wuta ya hau bene da takardar a guje, ya bar takalminsa ɗaya a ƙasa. Ba a kwance na'urar ba.

Rasuwa

Ta yi ritaya a 2017, Allah ya yi mata rasuwa a 2021 bayan gajeriyar jinya, aka yi jana'izarta bayan la'asar, ɗalibanta na rige-rigen ɗaukar makara. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: babbarsu likitar ido, mai bi mata direban jirgin ƙasa, sai auta, wanda yanzu makullin ɗakin binciken ke hannunsa.