Turaren da Ya Kori Gwanki

Shekarar da nake aji huɗu a firamare, bayan an gama yankan dawa, na tafka wautar da har yau in na tuna sai in ji kamar in shige rumbu in rufe. An ce za mu gandun daji kallon namun dawa, ni kuwa na zare kwalbar turaren Juma'a ta mahaifina na cusa a aljihu. A ganina baƙunta za mu, kuma ba a zuwa gidan mutane da warin awaki.

Tafiyar ta kakana ce, Baba Tanko, tsohon maharbi a ƙauyenmu da ke bayan Ruwan Godiya. Yanar ido ta fara rufe masa gani, shi kuwa ba abin da yake roƙo sai ya sake ganin gwanki sau ɗaya kafin duhun ya gama da shi. Kawu Sale ya ɗauke mu a babur, ni a kan tanki, muka bi hanyar Sabuwa mai ramukan da wasunsu sai ka yi sallama kafin ka faɗa.

Tun ana gobe za mu tafi Baba ya hana mu wanka da sabulu, ban tambayi dalili ba. A cikin gandun, wani ma'aikacin wurin ya shige gaba muna binsa a ƙafa, Baba yana kaɗa ƙullin toka a tsumma don ya gane inda iska ta nufa. Kusa da wata ƙorama ma'aikacin ya durƙusa ya nuna da baki. Ga gwanki nan kamar doki, fuska baƙi da fari, ƙahoni sun lanƙwashe baya. Baba ya ƙanƙance ido bai ga komai ba, sai ya fara rarrafe, tsoho da gwiwoyinsa, don ya matsa kusa. Ni kuma na ce lokacin gaisuwa ya yi. Na laɓe bayan itace na juye kwalbar kaf, har da hammata.

Gwanki ya ɗaga hanci, ya yi atishawa, ya ba mu ƙura.

Baba ya shaƙi iska ya ce, "Wa ya kawo mana ango cikin daji?" Kawu ya ɗaga hannu zai kife ni, Baba ya riƙe shi. "Ƙyale shi. Kai Audu, zo ka gaya mani mi ka gani." Na ce ƙahonsa na taɓa reshen ɗorawa, na ce ya harare ni kamar hedimasta. Ya yi ta dariya har hawaye ya sauko masa, ya ce ba komai, baɗi ma dawo.

Kafin baɗin, 'yan bindiga sun mamaye dajin. Hanyar da muka bi muna waƙa, yau ko direban da ya fi kowa taurin kai ba ya binta. Mu ma muka kwashe kaya muka koma Faskari, aka ba mu aron ɗaki. A nan idon Baba ya ƙarasa rufewa, a nan ya rasu. Bai ga gwanki ba.