Ɗan Fari a Layin Baya

Da aka kawo sikawut garinmu, nan kusa da Wagini, ban ɗauka abin zai ga kaka ba. An sa wa yara riga mai ruwan ƙasa, an ɗaura musu ƙyalle a wuya kamar 'yan maruƙa, ana busa usur suna juyawa hagu da dama. Na ce wannan ko awakina sun iya, kuma ba wanda ya ɗinka musu riga. Amma kowa ya san yadda shekarun nan suke a ƙasar Batsari. Yaron da ba shi da abin da ya riƙe shi da yamma, wani abu zai riƙe shi. Sai na kama bakina, na ja tabarma gindin darbejiyar da ke bakin filin makaranta, ina ɓarar gyaɗa ina kallo. Ban taɓa shiga aji ba, amma fili ba a hana kowa.

Manya biyu ne suka ba da kansu ga aikin, ba albashi, ba ko na goro. Na farko malamin firamare ne, kuma ɗan farina ne, don haka ba a bakina za a ji sunansa ba. Na biyu Bafulatani ne daga rugar da ke ƙetaren rafi. Ya yi sikawut yana yaro lokacin da aka kai shi karatu Safana, ya dawo ya kama shanu da noma, amma bai yar da usur ɗinsa ba.

A tsarinsu yaro ba ya hawa sai an gwada shi. Babba zai kira sunansa, ya fito gaba, ya ƙulla igiya, ya hura wuta, ya nuna yadda ake ɗaukar wanda ya karye. Babban zai tsaya a kansa ya zuba masa ido, in ya yi daidai ya faɗa a gaban kowa cewa ya yi, a ba shi lamba ya ɗinka a hannun riga. Lamba kan lamba, har a ba yaro rukunin 'yan ƙananan yara, ya zama shi ne shugabansu. Malamin ne ke gwada yaran cikin gari, Bafulatanin na gwada na ruga, don kowa ya fi sanin nasa. Haka suka raba, kuma suna ganin sun yi dabara.

Jikana, ɗan farin malamin, yana cikin waɗanda aka fara da su. Ni ke wanke masa rigar, don uwarsa ita ma kunya ba ta barinta ta nuna ta san yana da riga. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce, hannun rigar nan fes, kamar ranar da tela ya miƙo ta. Ɗiyan maƙwabta waɗanda aka yaye a gabansa, hannuwansu sun cika da lambobi har ba wurin sa allura. Shi kuwa yana layin baya, ya fi kowa tsawo, kamar dawa ɗaya a gonar gyaɗa.

Ba don bai iya ba ne. Daga tabarmata nake ganin komai. In an ce a ƙulla igiya, kafin na gaba su gano bakinta shi ya gama ya kwance. Amma malamin zai bi layi yana kiran suna, wane fito, wane fito, in ya zo kansa sai idonsa ya tafi sama yana duba hadari, ko da rani ne. Yaya zai kira sunan ɗan fari a bainar jama'a? Yaya zai tsaya ya zuba masa ido? Balle ya buɗe baki ya ce ya yi. Mutumin kirki ne, tarbiyyar da aka yi masa ke nan, kuma ni na yi ta. Ban ga laifinta ba har gobe. Sai dai wanda ya tsara sikawut bai yi shawara da mu ba.

Shekarar da nake magana, an ce bayan an gama girbi za a tara 'yan sikawut na wannan yanki a Safana, a naɗa shugabannin rukuni. Wanda ba shi da lambobi ba ya cikin zance. Kuma jikan nawa ya kai shekarun da in bai samu a wannan karo ba, ya wuce. Wata rana bayan la'asar ya shigo ɗakina, ya ninke rigar da ƙyallen ya ɗora bisa tukunyar da nake ajiye daddawa.

"Tsohuwa, ga shi nan. Ki yi matashi da ita."

"Mai gidana ya yi ritaya ke nan? To ina fansho?"

"Ni ba wasa nake ba. Batsari zan tafi. Akwai mai ba ni babur in yi acaɓa."

"Kai da ko keke sai ka jingina da katanga kake hawa?"

"Ki yi ta tsiyarki. Ƙanen abokina ne zai zama shugabana, yaron da ni na koya mai ɗaurin wando. Ni in tsaya yana busa mini usur?"

Ya fita. Na san waɗanda ke ba yara babur a Batsari, wasu na kirki ne, wasu ba a tambayarsu inda za a kai kaya. Rigar nan kwana ta yi tana warin daddawa, ni kuma ina tunani.

Washegari malamin ya zo gaishe ni, ya durƙusa bakin ƙofa kamar kullum. Ba zan dube shi in ce ga abin da ka yi ba daidai ba, ba haka muke magana da shi ba. Sai na juya wajen akuyata da ke ɗaure a turke.

"Ke dai kin ji daɗi," na ce mata. "Ko ɗa nawa kika haifa, kowa sai kin lashe shi. Ba ki tsallake na fari."

Malamin ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur.

"Inna, in na ba shi, cewa za a yi na fifita nawa."

"Ni da akuya nake."

"To, Inna. Allah ya ƙara girma."

Ya tashi ya tafi. Akuyar dai ta ji, don ta daina tuƙa ta dube ni. Shi kuwa ranar taronsu na gaba ya sake duba hadari.

Sai na yafa mayafi na ƙetare rafi, da sunan zan sayi man shanu. Na tarar da Bafulatanin yana gyaran shinge. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi ƙafata, na tambayi shanu da ruwa da masu jiki, har gaisuwa ta ƙare ba abin da ya rage sai magana.

"Akwai wani dogo a layin baya," na ce, "ban sani ba ko ka lura da shi."

"Dogaye biyu ne a layin baya, Inna."

Sai na tuno. Lallai akwai wani, siriri, mai tsayawa daga ɗaya gefen, shi ma hannun riga fes. Na sha ganinsa, ban taɓa tambayar ɗan wa ne ba.

"Wancan na wa ne?"

Mutumin nan ya juya yana neman wani abu a cikin shinge. Matarsa da ke kaɗa nono ta ja gyale ta rufe baki. Nan na gane. Nasa ne, na fari, kuma kunyarsu ta ninka tamu. Manya biyu sun ba da yammacinsu kyauta don gina yaran mutane, kowane ya dasa nasa a baya kamar turke, kuma kowane yana ganin na ɗan'uwansa yana cewa a ransa, kai, wannan uba da tsanani yake.

"To ku yi musaya mana," na ce. "Ka ɗauki dogon gari, ka bar wa malamin dogon ruga. Ko a wurin kaciya ba uba ke riƙe ɗansa ba."

Ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Ya ce zai yi wa malamin magana, amma in sani shi ba ya gwajin alfarma. Na ce wa ya roƙe shi alfarma?

Da kyar na sa jikan ya karɓi rigarsa. Sai da na ce in ya bar ta zan ba almakashi, in yi wa jikokina mata 'yar tsana. Ya saka ta yana ƙunƙuni, yana cewa duk filin za a san daga ɗakin wa ta fito.

Igiya, ɗaukar majinyaci, sanin gabas ba tare da tambaya ba, duk ya wuce su a 'yan makonni, lambobi suka fara hawa. Saura gwajin shugabanci. Da can a daji ake yinsa a kwana, yanzu ba mai kai yara daji, a bayan makaranta ake yi da rana tsaka. Aka ba shi 'yan ƙanana, aka ce su kafa rumfa da kara, su hura wuta, su dafa shinkafa da wake. An yi ruwa da safe, karan duk a jiƙe.

Na zauna ina kallo, raina fari. Yaron nan ya kafa rumfa shi kaɗai kafin ƙananan su gama gardamar wa zai riƙe igiya. Ya fere kara ya ciro busasshen cikinsa, wuta ta kama. Ya wanke wake, ya ɗora, ya sauke. Ƙananan suna zaune a inuwar rumfar kamar baƙin biki, ɗaya har da barci. Shinkafar ta yi kyau, an kawo mini na ɗanɗana.

Bafulatanin ya ci loma biyu, ya suɗe hannu, ya ce, "Bai yi ba."

Ban san lokacin da na miƙe ba, da ƙafar tawa mai ciwo.

"Mi ne ne bai yi ba? Gishiri ne bai ji ba?"

"Abinci ya yi, Inna. Shugaba ne bai yi ba. Waɗannan da aka ba shi, mi suka koya yau? Cin shinkafa? Sun iya tun a gida."

"Ni na ƙetare rafi na kawo maka shi!"

"Kin ce in dube shi. Na duba."

Na koma tabarmata ina huci. Abin haushin shi ne ban sami inda zan kama shi ba. Yaron da ya yi shekaru a baya ba mai kallonsa, ina zai koyi sa wani aiki? Abin da ya koya shi ne ya yi nasa da sauri ya koma gefe. Can ɗaya ɓangaren filin kuwa ga malamin, wanda bai iya ɗaga ido ya dubi nasa ba, ya tsaya a kan ɗan Fulani kamar alƙali, yana sa shi kwance ƙulli yana sake ƙullawa har gumi ya jiƙa ƙyallen wuyansa. Ashe idon lafiya lau yake.

Da yamma jikan ya shigo ya tsaya, hannu a kan maɓallin riga.

"In ka cire ta a nan, ka tafi da tukunyar gaba ɗaya," na ce. "Na gaji da ajiya."

"Tsohuwa, kin gani da idonki. Komai na yi."

"Shi ya sa. Ni da na aurar da 'ya'ya mata, ka taɓa ganin na karɓe muciya a hannun yarinya don tuwonta ya yi gudaji? A bar ta ta tuƙa, a ci da gudajin, a yi mata tsiya, gobe ta gyara."

"To in suka ƙona?"

"Ku ci ƙanzo. Ba a mutuwa."

Aka sake ba shi rana. Bafulatanin ya ce masa abu ɗaya: hannunsa kada ya taɓa kara, kada ya taɓa tukunya. Ban taɓa ganin azaba irin wadda yaron nan ya sha ba. Ya harɗe hannuwa a baya yana zagaye ƙananan kamar kaza mai 'yan tsaki. Rumfa ta faɗi sau biyu. Hayaƙi ya turnuƙe har tsofaffin da ke zaune ƙofar masallaci suka aiko a ji lafiya. Wani ɗan ƙarami ya fashe da kuka don wutarsa ta ƙi, na ga hannun jikan ya fito daga baya, ya tsaya a iska, ya koma. Ya durƙusa kusa da shi ya ce, "Fere shi. A'a, ba nan ba, cikin. Yawwa. Busa a hankali, ba kakaki ba ne." Wutar ta kama. Shinkafar rabi ɗanya rabi ƙonanna, ba wanda ya kawo mini ɗanɗano, na kuma gode.

Bafulatanin ya ci, ya tauna da kyar, ya kira sunan yaron da ƙarfi yadda duk filin zai ji, ya ce ya yi.

Yanzu in wani babba ya zo yana cewa zai ba da kansa ga aikin yaran nan, ba na hana shi, amma ina tambayarsa ko nasa na ciki. In yana ciki, ya miƙa shi ga wani tun ranar farko. Masu zuwa daga birni suna ta gargaɗi kada babba ya fifita ɗansa. Su zo nan su gani, mu namu ciwon daban ne. Kuma mai ba da kansa ya riƙa leƙa layin baya, wanda ya fi kowa shiru a can ba lallai ne daƙiƙi ba, wataƙila ɗan wani mai kunya ne.

Ranar Safana a bayan a-kori-kura muka tafi, ni a gaba kusa da direba saboda ƙafa. Aka jera yara, aka fara naɗi. Da aka zo kan dogayen nan biyu, sai ga iyayensu maza duk sun ɓace daga wurin. Na hango su can bakin hanya sun durƙusa gaban babur ɗin malamin, su biyu suna matsa taya ɗaya, tayar da ba abin da ya same ta. Wani baƙo daga Katsina ne ya rataya wa yaran igiyar usur.

Da za mu dawo, jikan yana tsaye jikin mota da 'yan ƙananansa, malamin ya zo ya tsaya dab da shi har kafaɗarsu na gogar juna. Ya kira wani ɗan mitsitsi daga cikinsu.

"Kai, je ka gaya wa shugabanku ya ƙirga mutanensa kafin mota ta tashi."

Yaron ya juya, ya ɗaga kai, ya faɗa. Shugaban ya busa usur, suka shiga layi.