Ranar da Jinin Matata Ya Ƙi Nawa

Shekarun baya, a haihuwarmu ta huɗu, matata ta zubar da jini sosai. Daga Damri, gidan iyayenta, aka ɗauko ta zuwa asibiti a Talata Mafara, ni kuma aka iske ni a mahauta hannu duk kitse. Da na isa asibitin, na tarar tafin hannunta ya yi fari fat. Likita ya ce sai an ƙara mata jini, kuma yau-yau.

Nan hankalina ya ɗan kwanta. Ni mahauci ne, hanta ce karin kumallona, kuma na daɗe da sanin rukunin jininmu ɗaya da ita. Na naɗe hannun riga ina cika baki: "Ku ɗibi yadda kuka so, wanga jiki bai jin komi."

Aka ɗibi kaɗan don a gwada shi da nata. Can sai likita ya kira ni, ya ɗaga wata 'yar kwalba a gaban taga. Ya ce ƙwayoyin jinina ne a cikin ruwan jininta. Da sun zauna lafiya, ƙwayoyin za su kwanta ƙasa, ruwan sama ya yi garau. Abin da na gani kuwa ja ne wur tun daga sama har ƙasa, kamar zoɓo.

Ya ce, "Sun farfashe. Da mun sa mata jininka, haka zai yi a jijiyoyinta, ƙoda ta tsaya, ƙila mu rasa ta."

Na ce, "Likita, mi niy yi mata? Ko marinta ban taɓa yi ba!"

Ya zaunar da ni. Ya ce yaranmu sun gaji wani abu daga jinina wanda babu a nata, kuma wajen haihuwa jinin jariri kan ɗan shiga na uwa. Jikinta ya ɗauke shi baƙo, ya yi masa shiri. "Ka san yadda kuke shafa wa sa fenti a kara, kasuwar shanu, in an saye shi don yanka? Haka garkuwar jikinta ke yi wa ƙwayoyinka shaida. Sannan akwai wasu sinadarai a jini, su ba su tambaya. Duk ƙwayar da suka gani da shaida, sai su taru a kanta su huda ta, ta fashe."

Na aika kasuwa, mahauta suka bar teburansu suka zo. Cikin waɗanda jininsu ya dace har da abokina, wani ramamme da kullum nake tsokanarsa da cewa iska za ta tafi da shi. Yana kwance ana ɗiba ya dube ni ya ce, "Duk hantag ga da kac ci ta tashi banza."

Ko murmushi ban iya ba.

Ta warke, alhamdulillahi. Amma a da, ni a ganina haihuwa ta ƙare da zarar an yanka ragon suna. Ashe kowane yaro da ta haifa mini ya bar mata alama a jini, tana ɗauke da ita shekara da shekaru ba wanda ya sani. Na je da ƙarfina in ceci matata, ashe ajalinta na naɗe hannun riga zan miƙa. Har yau in ta zubo mini zoɓo, sai na ɗan jima ina kallon kofin kafin in kai baki.