Fuskar Yaya Haruna a Kan Allon Silima

Yau shekara goma sha ɗaya da rasuwar yayana Haruna, mai zanen allon talla na silima a nan Gadarif, ƙasar Sudan. Har yanzu idan jikokina suka nuna mini hoton tallan fim ɗin ban tsoro a waya, sai in kau da kai. Su a zatonsu tsoro nake ji, alhali kuwa kunya ce.

Kafin ya kama buroshi, tarakta yake tuƙawa a manyan gonakin dawa da riɗi na wajen Fashaga. Wata rana tankin mai ya kama da wuta, ya ƙone masa rabin fuska. Shekara biyar yana yawo da rawani naɗe har hanci. Zane ne ya dawo da shi cikin mutane, a hankali har ya fara shiga kasuwa fuska a buɗe.

Ni kuwa tikiti nake yanka a silimar, ina satar kallon aikinsa. Allon tsoro yana da ƙa'ida, in ji shi. Baƙi ya mamaye ko'ina. Ja wuri ɗaya tak, a rubutun sunan fim, yana ɗiga kamar jini. Mace 'yar ƙarama a ƙasa tana waiwaye, dodo a sama ya cika allo, rabin fuskarsa cikin duhu, don abin da ido bai gani ba ya fi razana zuciya. Da zai ga na yau da ake haɗawa da kwamfuta, dariya zai yi, ya ce kayan aiki kawai aka sake, dabarar tana nan.

Wata kaka, lokacin yankan riɗi, gari cike da 'yan ƙwadago, zazzaɓi ya kwantar da shi, ga kuma sabon fim ya iso. Na bugi ƙirji na ce zan zana. Hoton da aka aiko ya koɗe, ba a ganin dodon. Da na leƙa ɗaki, sai ga Yaya yana barcin rana, gefen ƙunar a sama. Hausawa sun ce naka shi ke ba da kai. Na zauna na kwafe fuskarsa tsaf.

Da aka kafa allon, layin 'yan kallo har bakin titi, ina ta hura hanci. Kafin kwana uku yaran unguwa sun gane fuskar, suna zuwa ƙofar gidanmu suna ihu.

Da ya ji sauƙi, ya je ya tsaya gaban allon, ya daɗe yana kallo.

"Ya zol, ka yi kuskure," in ji shi, wato "kai, ɗan'uwa" a Larabcin garinmu. "Dodo daga ƙasa ake haska shi. Kai daga sama ka sauko da haske, haka ake zana mutum."

Ya karɓi buroshi ya gyara da hannunsa, don kada a ce ƙaninsa bai iya aiki ba. Washegari ya naɗa rawani har hanci, kuma bai sake fita babu shi ba.

Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma na laɓe a bayan shirunsa shekara da shekaru, kullum ina cewa gobe zan roƙe shi gafara. Da na sani ƙeya ce.

Silimar ta daɗe da rufewa, allunan sun zama makamashi, yaran da suka yi ihu sun yi furfura. Abin da ya rage mini shi ne ranar da muka yi masa wanka. Ni na kwance rawanin. Hasken hantsi ya sauko ta saman zana ya faɗa a kan fuskarsa, na ga yayana sosai. Nan ne na ce, "Yaya, ka yafe mini," lokacin da ba shi da bakin amsawa.